Maƙabartar Miango da Mamatan Jan Kwano

Yamma da Jos, a ƙasar Irigwe cikin ƙaramar hukumar Bassa, akwai garin Miango. Yawancin masu zuwa can gidan hutun mishan ke kawo su, ko makarantar Kent Academy. Kaɗan ne ke zagayawa bayan majami'ar Kirk, inda wata 'yar maƙabarta ke kwance a inuwar itatuwa, alhali tarihin da ke ƙarƙashin duwatsunta ya shafi kowane gida a Nijeriya.

Mishan ɗin SIM, mai wannan maƙabarta, da kabari ya fara. Samari uku ne suka sauka Ikko a 1893 da niyyar shiga yankin da a lokacin ake kira Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya ɗauke biyun farko, Gowans a Girku, Kent a Bida. Magadansu sun gane cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya raga wa baƙo, don haka suka nemi tudu mai sanyi da za su riƙa zuwa su murmure. Miango ta amsa wannan buƙata. A tsakiyar shekarun 1940 aka buɗe wa 'ya'yansu makaranta da sunan Kent. Inda mutane suka zauna kuwa, dole su tanadi makwanci. Abin da ke fara karya zuciyar mai ziyara shi ne yawan gajerun kaburbura, na jarirai da yaran da ba su kai shiga aji ba.

Amma kabarin da ya fi tsayar da ni shi ne na Dakta Jeanette Troup, likitar asibitin Evangel da mutanen Jos ke kira Jan Kwano.

A watan Janairun 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, a jirgin sama daga Lassa ta jihar Borno ta yau, da wani zazzaɓin da ya ƙi jin magani. A Jos ta cika. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka garzaya da ita birnin New York, Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba. Daga jinin waɗannan mata ne masana a jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cuta, suka laƙaba mata sunan Lassa. Da shekara ta zagayo cutar ta sake ɓarkewa a Jan Kwano. Dakta Troup ta san haɗarin sarai, duk da haka ta buɗe gawa don ta fahimci abin da ke kashe majinyatanta. Wuƙar aikin ta yanke ta a yatsa. A Fabrairun 1970 ta rasu, aka kai ta Miango. Sai a 1972, a Saliyo, aka tabbatar cewa ɓera ne ke ɗauke da cutar, wadda har yau take cin rayuka duk rani a ƙasar nan.

Ga abin da ke damuna. Ɓarkewar 1970 ta kashe mutum fiye da goma, kuma kusan dukkansu 'yan ƙasa ne, majinyata da masu jinya. Su ma jininsu da gawarwakinsu sun shiga cikin ilmin da duniya ke tinƙaho da shi. Baturiya ta sami dutse mai suna da shekara, kuma ta cancanta, ba na ja. Namu kuwa danginsu suka kwashe su, kowa aka kai shi inda aka saba bisne nasa, Kirista da Musulmi, littattafan likitanci kuma suka mai da su lambobi.

Tun 1954 da aka kafa ikilisiyar ECWA, gadon SIM ya riƙa komawa hannun 'yan ƙasa, Jan Kwano ma yau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Saboda haka nauyin yana wuyanmu. Ina kira ga shugabannin ECWA da gwamnatin jihar Filato da su rubuta kowane kabari na Miango a kundi tun ruwa da iska ba su cinye rubutun ba, su kuma binciko sunayen mamatan 1970 a sassaƙa su a dutse a harabar Jan Kwano.