Guzurin Makiyayi

Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, mukan ga garkunan shanu suna ratsa ƙasar Aliero da Jega da Maiyama. Suna neman fadamun Gulbin Zamfara, waɗansu kuwa har su dangana da bakin Kwara wajen Yawuri. Mukan yi maganar abin da shanun za su ci. Amma ba safai mukan tambayi abin da mai kora su zai ci ba.

Da damina ba wuya. Nono ya yawaita, ga fura. Da rani ne magana take. Saniya ba ta ƙoshi ba, nononta ya ragu, ɗan abin da ya saura kuma na maraƙi ne. Sai makiyayi ya koma ga gero tsantsa. Gero yana cika ciki, amma shi kaɗai ba ya isa gina jiki, balle ga yaro mai girma wanda ya wuni yana bin shanu.

Makiyayan Amurka ma sun sha wannan wuya. Daga 1867 zuwa wajen 1885 sukan koro shanu daga jihar Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Tafiyar wata 2 ce ko 3, a bisa dawaki. A 1866 wani mai shanu, Charles Goodnight, ya gyara keken da dabbobi ke ja, ya kafa masa akwati a baya, ya mai da shi madafa mai tafiya. Abin da ke ciki duk busasshe ne: garin alkama, da wake, da gahawa, da nama mai gishiri.

Kukunsu yakan ajiye ƙullu mai tsami a ɗan tulun katako, kamar yadda matanmu ke barin ƙullun waina ya kwana. Kullum ya ɗiba, ya kwaɓa da gari, ya mulmula ƙanana. Sa'an nan ya jera su cikin tukunyar ƙarfe, ya rufe, ya sa garwashi a ƙasa, ya zuba wani bisa murfi. Sukan fito kamar 'yan gurasa, ba su da zaƙi irin na biskit ɗin kanti. Da su ake cin wake, safe da yamma. Ba abincin sarauta ba ne, amma ya kai su Kansas.

To, mu ma wake muna da shi. Ba ƙasar da ta fi Nijeriya noman irin namu a duniya. Ba ya tsami kamar fura, kuma yana ba jiki irin abin da nama da nono ke ba shi. Aibinsa ɗaya, yana cin itace. Maganin wannan shi ne a jiƙa shi tun da dare. Da safe a zubar da ruwan, a sa sabo, a jefa kanwa 'yar kaɗan, gama idan ta yi yawa takan ɓata ciki. Ya nuna, a zuba man shanu da barkono da gishiri. Albasar Aliero kuwa ba sai an yi mata talla ba. In ɗanya za ta yi nauyi, a ɗauki gabu. Wanda ya niƙa wakensa gari, ya riƙe kuka, yana iya yin ɗanwake ko'ina ya sauka.

Sai a lura da ƙwari. Kada a barbaɗa wa waken ci maganin feshin gona, guba ne, ya kashe mutane. A shanya shi a rana ya bushe sarai, a cika jarka mai tsabta da shi har baki, a toshe. In iska ba ta shiga ba, ƙwarin ciki za su mutu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir kuwa ba ta yi.