Yamai zuwa Damagaram: Awa biyu ta sama, yini guda ta ƙasa

Tun kafin kiran sallar asuba tashoshin manyan motocin safa na Yamai suke cika da fasinjoji. Mai zuwa Damagaram ya san cewa idan ya bar babban birnin da ƙarfe huɗu ko biyar na asuba, da wuya ya isa gida kafin magariba, wani lokacin ma sai bayan isha'i.

Nisan biranen biyu ta hanyar mota ya kai kusan kilomita 890, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Daga Yamai mota na ratsa Birnin Gaure, Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Agye, Tasawa da Takeita kafin ta shiga Damagaram. Tafiyar kan ci awa 13 zuwa 15, idan aka haɗa da tsayawar salla da cin abinci, da binciken takardu a shingayen jandarma da ƴan sanda.

Ta sama kuwa tazarar ba ta wuce kilomita 750 ba. Jirgi mai farfela da ya tashi daga filin jirgin Diori Hamani yakan sauka Damagaram cikin kimanin awa biyu. Sai dai jiragen cikin gida ba kullum suke tashi ba, kuma kuɗin kujera ɗaya ya ninka na mota sau da yawa. Shi ya sa akasarin masu hawansu manyan ma'aikata ne, da ƴan kasuwa, da jami'an ƙungiyoyin agaji.

Ga sauran jama'a, hanyar mota ce kaɗai mafita. Tun da Turawan Faransa suka ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, manyan ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suka tattaru a yammacin ƙasar. Ɗalibin da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni, da ma'aikacin da ke bin takardunsa a ma'aikatar minista, da maras lafiyar da likita ya tura babban birnin, duk sai sun yi wannan doguwar tafiya. Al'amarin da za a gama cikin yini ɗaya kan laƙume wa mutum kwana uku, ga kuɗin masauki.

Ba fasinjoji ne kawai ke kan hanyar ba. Tun 2011 da matatar mai ta Soraz ta fara aiki a arewacin Damagaram, tankokin mai ke bi ta nan zuwa Yamai, tare da manyan motocin albasar Galmi da na kayan ƴan kasuwar Maraɗi. Nauyinsu na farfasa kwalta, ramuka kuma na ƙara awanni da haɗurra.

A watan Agustan 2024 ambaliyar ruwa ta yanke hanyar a Sorey, daf da Yamai. Motoci suka yi cirko-cirko, man fetur ya yi ƙaranci a birnin, har sai da aka gyara wurin.

Da yake babu jirgin ƙasa tsakanin biranen biyu, kuma jirgin sama ya fi ƙarfin talaka, lafiyar wannan hanya ita ce ke ƙayyade tsawon tafiyar. Duk inda aka gyara kwalta, direba da fasinja ne ke fara gani a agogonsu.