Ƙullutu a cikin nono: abin da hannu ke ji da abin da awo ke tabbatarwa

Wannan ƴar maƙala za ta duba yadda likita ke rarrabe ƙullutun nono, domin kalmar "kumburi" da mata suka saba kawowa asibiti ta haɗa cututtuka dabam-dabam waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne.

Galibin ƙullutun nono ba sankara ba ne. Ga budurwa ko matashiyar mace, wanda aka fi samu shi ne fibro-adenom, wato curin nama mai santsi wanda ke zillewa ƙarƙashin yatsa. Daga shekara 35 zuwa 50 an fi gamuwa da kis, ƴar jaka mai ruwa wadda kan ƙara ciwo gab da al'ada. Mai shayarwa kuwa takan yi ƙurji mai zafi da mugunya.

Na sankara yakan yi tauri, gefensa babu daidaito, kuma yakan manne wa fata ko naman ƙirji. Sau da yawa ba ya ciwo da farko. A ganinmu nan ne babbar matsala take, domin a al'adarmu abin da bai hana barci ba ba a cika kai shi ga likita ba. Sai a yi ta shafe-shafe da tofi har watanni su wuce. Sauran alamomi su ne kan nono ya shige ciki, jini ya riƙa fita daga gare shi, fata ta koma kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa ta fito a hammata.

Duk da haka hannu, ko na gwani, zato kawai yake bayarwa. Don haka ake haɗa awo 3: dubawar likita, hoto, da ɗaukar nama. Ana fifita ekogarafi ga mai ƙarancin shekaru saboda nononta cunkushe yake, hoton mamogarafi bai cika nuna cikinsa sosai ba. Daga wajen shekara 40 mamogarafi ya fi amfani. Sai biyopsi: a sa allura a ciro ɗan nama, a duba da madubin likita. Shi kaɗai ke yanke hukunci, kuma shi ke nuna ko sankarar tana amsa maganin hormon.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni cewa a kammala waɗannan awon cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti. Ga mutuniyar ƙauyen Tawa ko Damagaram, wadda sau da yawa sai an aika namanta Yamai kafin sakamako ya dawo, kuɗin mota da jiran takarda su ne ke cinye kwanakin.