Ma'aunin Teku, Duniya Mai Rana Biyu da Daminar Zamfara

Zamfara ba ta da gaɓar teku, amma daminarta daga teku take tasowa. Iskar da ke ɗauko danshi daga Mashigin Gini ita ke shayar da gero da dawa a Tsafe da Bungudu, ita ke cika Kogin Sakkwato da ya ratsa ta gefen Gusau. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, masana sun tabbatar cewa ɗumin saman ruwan Atilantika da sauran tekuna yana da hannu a yawan ruwan da yankin Sahel ke samu. Ke nan abin da ake aunawa a tsakiyar teku ya shafi farashin tiyar gero a Sabon Gari.

Tun 1997 Barazil da Faransa da Amurka suka kafa shirin PIRATA, suka girke na'urorin awo a kan ruwan Atilantika, har da Mashigin Gini. Shirin Argo kuwa, wanda ya kankama wajen shekarar 2000, yana da na'urori kusan 4,000 a tekunan duniya. Kowacce takan nutse zuwa zurfin mita 2,000, ta taso duk kwana goma tana auna ɗumin ruwa da gishirinsa, sannan ta aika sakamakon ta tauraron ɗan'adam.

Ƙasashe da dama ke sayen na'urorin, kamfanoni daban-daban ke ƙera su. Abin da ya haɗa su shi ne yarjejeniya: ma'auni guda, tsarin rubutu guda, kuma a saki bayanan kyauta ga kowa, galibi cikin kwana ɗaya. Ba don haka ba, da lamarin ya zama kamar kasuwar da kowane ɗan awo ya zo da tiyarsa, babu wanda ya san girman ta ɗan'uwansa.

Ilimin taurari ya nuna wata fa'idar. A 2009 hukumar NASA ta harba madubin hangen nesa na Kepler, wanda ya riƙa lura da hasken taurari kimanin 150,000. Idan wata duniya ta gifta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dusashe. Ta haka aka gano Kepler-16b a 2011, duniyar da ke kewaya taurari biyu cikin kwana 229, wato mai rana biyu. Irin waɗannan duniyoyi sukan kuɓuce wa kwamfuta, domin su ma taurarin biyu suna kewaya juna, don haka giftawar ba ta zuwa a kan kari. Da yake an buɗe bayanan ga jama'a, wasu 'yan sa-kai biyu na shirin Planet Hunters ne suka hango wata, PH1, aka sanar a 2012. A 2019 kuma ɗalibi ɗan shekara 17 mai sanin makamar aiki a NASA ya gano TOI-1338 b cikin bayanan madubin TESS.

Mu dawo gida. NiMet na auna ruwan sama, NIHSA na lura da koguna, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima na kula da madatsu irin na Bakolori. Tambayar ita ce: ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau zai iya zama gaban kwamfuta ya jera waɗannan alƙaluma wuri guda, kamar yadda zai sauke na Argo a yau? Mutanen Gusau ba su manta ɓallewar madatsar garin a ƙarshen Satumbar 2006 ba, da rayuka da gidajen da suka salwanta. Gargaɗin ambaliya yana buƙatar a haɗa awon ruwan sama da na kogi da na madatsa a kan lokaci.

A 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta, ta amince da manufar musayar muhimman bayanai kyauta. Ya rage namu mu sauko da ita jiha. A kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun sakandare na Gusau da Tsafe da Bungudu, a amince da fom guda na rubuta awo, jami'a ta riƙa tattarawa tana wallafawa a intanet. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. Abin da ke da wuya shi ne kowace hukuma ta yarda cewa alƙaluman da aka tara da dukiyar jama'a na jama'a ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.