Na'urar da Ta Ji Ɗumin Saniya

A shekarar 1878, a cibiyar duba taurari ta Allegheny da ke daura da birnin Pittsburgh a Amurka, Samuel Langley ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna bolomita. Rana ce damuwarsa. So yake ya san yawan zafin da take aiko wa duniya, da yadda zafin ya rarrabu a cikin launukan haskenta.

Tun 1800 William Herschel ya share masa hanya a Ingila. Ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, launuka suka baje kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin zafi. Da ya matsar da shi gaba da ja, wurin da ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai wani haske a nan, wanda yanzu ake kira infirared, kuma duk abu mai ɗumi yana fitar da shi, dare da rana.

Sai dai ma'aunin zafi na gilashi nawa gare shi. Langley ya samo siraran ƙarfen filatinam biyu, ya baƙanta su da hayaƙin fitila don su riƙa shan zafi, ya haɗa su da batir da allura mai nuna tafiyar lantarki. Ɗaya ya rufe shi, ɗaya ya bar shi a buɗe. Muddin zafinsu ɗaya ne, allura na tsaye cak. Da ɗumi ya taɓa buɗaɗɗen, ko ƙanƙani ne, lantarki ya ɗan sha wuyar ratsa shi, sai allura ta karkata. Ya yi ta gyaran abin nan har ya kai yana rarrabe kashi ɗaya cikin 100,000 na digiri guda. A nan ne aka ga abin mamaki: saniya na kiwonta a nisan kusan mita 400, na'urar tana jin ɗumin jikinta.

A 1881 ya kwashi kayansa ya hau dutsen Whitney a Kalifoniya, inda iska ba ta da danshi, ya ci gaba da awon rana. Amma duniya ba ta cika tuna shi da wannan ba, kuma a ganina an yi masa rashin adalci. Abin da aka riƙe shi ne jirgin saman da ya ƙera da dala 50,000 na gwamnati, wanda ya afka kogin Potomac ranar 8 ga Disamba, 1903, jaridu suka yi masa ca. Kwana 9 bayan haka Wilbur Wright da ƙanensa Orville suka tashi nasu. Langley ya rasu a 1906.

Fitilar ƙofar gida da ke kamawa da kanta idan mutum ya gitta, da irin dabarar nan ta Langley ta kwatanta biyu take aiki, ko da yake ba filatinam ne a cikinta ba. Wani ɗan abu ne mai gida biyu, wanda ke ba da lantarki kaɗan duk sa'ad da ɗumin da ke sauka a kansa ya sauya. Farar robar nan mai zane-zane da ke gabansa tabarau ne irin wanda Augustin Fresnel, mutumin Faransa, ya ƙirƙira wa hasumiyoyin haska jiragen ruwa a shekarun 1820. Ita ke yanka tsakar gida yanki-yanki, sai mai tafiya ya ɗumama gida ɗaya kafin ɗayan.

Shi ya sa idan ka zauna shiru ba motsi, fitilar ta mutu ta bar ka cikin duhu, akuya kuwa ta wuce ta kunna ta. A tsakiyar bazarar Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da katanga ta sha rana har zafinta ya kusa na jikin mutum, bambancin yakan ragu, sai ka matso daf kafin ta kama.