Ramuwar Ɓoye Kan 'Yan Ta'adda: Darasi Daga Labarai Uku

Matasanmu na sha'awar labaran 'yan leƙen asiri da ke bin sawun 'yan ta'adda su hallaka su cikin duhu. Ba mu ga laifinsu ba, domin wanda ya shaida harin Kano na 20 ga Janairun 2012, ko na Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamban 2014, ya san yadda zuciya ke tafasa da neman fansa. Sai dai ya kamata mu auna waɗannan labarai da ma'aunin Shari'a kafin mu yaba ko mu kushe.

A watan Satumban 1972 aka kashe 'yan wasan Isra'ila 11 a gasar Olamfik ta birnin Munich na Jamus. Hukumar leƙen asirin ƙasar, Mossad, ta shiga farautar waɗanda take zargi. Ranar 21 ga Yulin 1973 jami'anta suka bindige wani mutum a garin Lillehammer na ƙasar Norway, a gaban matarsa mai juna biyu, suna zaton Ali Hassan Salameh ne. Ashe Ahmed Bouchikhi ne, ɗan Maroko mai hidima a gidan abinci, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Hukumar da ake yi wa kirari da ƙwarewa ke nan ta zubar da jinin marar laifi. To ina ga mai aiki da jita-jitar kasuwa?

Labari na biyu a gida ya faru. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, da ransa a Maiduguri, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba tare da shari'a ba. Duk sirrin da ke cikinsa ya bi shi kabari, mabiyansa kuma suka sami hujjar yaudarar matasa. Wutar da aka zaci ta mutu ta dawo a ƙarƙashin Abubakar Shekau, ta fi ta farko ɓarna.

Na uku shi ne na Kabiru Sokoto, wanda aka nema bayan harin majami'ar Madalla na 25 ga Disamban 2011. An kama shi a Abuja cikin Janairun 2012, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda a Abaji. Jami'an tsaron farin kaya suka bi sawunsa a asirce har Mutum Biyu ta Jihar Taraba, suka sake damƙe shi a Fabrairu. Ba su harbe shi ba, kotu suka kai shi. A Disamban 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Wannan ne leƙen asirin da ya yi hidima ga adalci.

Musulunci bai haramta tattara bayanan maƙiya ba. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya aiki Huzaifa ɗan Yaman (RA) cikin dare ya gano halin rundunar Ƙuraishawa, ya kuma gargaɗe shi kada ya tayar da su. Huzaifa ya ga Abu Sufyan yana jin ɗumin wuta, har ya ɗora kibiya a baka, sai ya tuna umarnin, ya janye. Bayan 'yan shekaru Abu Sufyan ya musulunta. Haka nan da aka kama wasiƙar da Haɗib ɗan Abi Balta'a (RA) ya aika wa mutanen Makka, Umar (RA) ya nemi izinin sare wuyansa, amma Annabi (SAW) ya fara tambayarsa dalili, ya saurare shi, sannan ya yi hukunci. Suratul Hujurat aya ta 6 ta wajabta tantance labari, Suratul Isra'i aya ta 33 kuma ta hana ƙetare iyaka a ramuwar kisa. Malamai sun tabbatar cewa zartar da ƙisasi aikin hukuma ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen Kara da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, da muke maƙwabtaka da Jihar Katsina mai fama da 'yan bindiga. Yau kalmar “infoma” kaɗai tana iya salwantar da ran mutum, alhali wani lokaci rikicin gona ko tsohuwar gaba ce ta haifar da zargin. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya kai wa mai unguwa, dagaci ko jami'an tsaro, ya faɗi iyakar abin da idonsa ya gani. Kada ya yaɗa suna a WhatsApp, kada ya shiga taron da zai yi hukunci da gora. Hukumomi kuma su rufa wa mai kawo bayani asiri, su gurfanar da wanda suka kama, domin jinkirin shari'a ne ke tura jama'a ɗaukar doka a hannu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa. Amin.