Katin Inshora Da Maganin Dattawanmu

Kafin shekarar 2003, majinyaci a asibitocin Ghana sai ya ajiye kuɗi kafin a ba shi magani. A wannan shekara ce gwamnatin Shugaba Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, aka kuma sabunta ta a 2012. Mafi yawan kuɗin shirin daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari yake fitowa, wanda ake ɗorawa a kan kayan da muke saye. Ashe ke nan ba sadaka ba ce, haƙƙinmu ne.

Dokar ta yafe wa duk wanda ya kai shekara 70 kuɗin inshora na shekara-shekara. Haka ma 'yan fanshon SSNIT. Amma dattijo mai shekara 65 da ya ƙare rayuwarsa a kasuwa ko tashar mota, shi kam zai biya, sai fa in an tabbatar ba shi da hali.

To, me ya sa tsoho yake riƙe da kati amma a ce ya sayi magani? Dalili shi ne hukumar tana da jerin magungunan da ta amince za ta biya, kuma da ainihin sunan magani aka rubuta su, ba da sunan kamfani ba. Amlodipine na hawan jini yana ciki, haka metformin da insulin na ciwon sukari. Idan likita ya rubuta wanda ba ya cikin jerin, kuɗin ya koma aljihun iyali. Wani lokaci kuma maganin ne ya ƙare a asibiti.

Haɗarin shi ne dattijo ya ji kunyar roƙon 'ya'yansa, ya daina sha. Hawan jini kuwa ba ya sallama, sai dai a ga shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka jama'a, in kun raka iyayenku asibiti ku tambayi likita ko maganin yana cikin jerin, in babu ko akwai makwafinsa. In ya ƙare, ku nemi takardar da za ku kai kantin magani mai karɓar katin. A kuma riƙa sabunta katin kowace shekara, ana iya yi ta waya da lambar *929#.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.